Rigar Soja Ba Ta Ado Ba Ce

Ya ku 'yan makaranta, yau maganarmu a kan tufafi ta ke. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu cikin samarinmu na gabashin Sakkwato, tun daga Wurno da Acida har Raba da Gandi da Goronyo, wadda in ba a tashi an yi mata magana ba za ta zama jiki, watau sa kayan soja ga wanda ba soja ba. Ranar kasuwa in ka tsaya bakin tasha ba za ka daɗe ba sai ka ga wani ɗan kabu-kabu da wando mai dabbare-dabbare, wani da hula, wani da rigar sanyi ta gwanjo mai launin ganye da ƙasa, wani har da ƙaton takalmi yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya taso daga fareti. Da Salla kuwa sai a kai yaro ɗan shekara biyar wurin tela a ɗinka masa kaki, a manna masa anini a kafaɗa, a saya masa bindigar roba, iyaye suna dariya suna cewa ga Janar ya fito. Mu dai a ganinmu wannan abu kuskure ne ko ina aka yi shi, a wannan yanki namu kuwa ya wuce kuskure, ya zama ganganci da rayukan mutane. Ga dalilanmu nan, ku auna su da kanku.

Da farko ku sani tufafi magana ce. Kafin mutum ya buɗe baki rigarsa ta riga ta gaya maka ko wane ne shi. Kakanninmu sun san wannan sarai. Dogari yana da ja da korensa, in ka hango shi daga nesa ka san saƙon sarki ne tafe. Rawani mai kunne biyu ba ko wane kai ke ɗaukarsa ba, alkyabba kuwa ba a sa ta don an ji kuɗi a aljihu, sai an yafa wa mutum. Da wani ɗan tireda zai ɗinka rigar dogari ya shiga kasuwar Acida da ita, ba wanda zai ce ado ya yi, cewa za a yi ya shara ƙarya, ko da bai ce uffan ba. To, kakin soja ma haka ya ke. Abin da ya ke faɗi shi ne, ni na yi rantsuwa, ina da lamba, ina da na gaba da ni wanda zai hore ni in na yi ba daidai ba, in kuma aka ji harbi can zan nufa, ba gida ba. Wanda ya sa rigar nan alhali ba ko ɗaya daga cikin waɗannan a wuyansa, me ya gaya wa jama'a in ba ƙarya ba? Hausa ma ta daɗe da yanke masa hukunci, ta raɗa masa suna sojan gona, har sunan ya bi ko wane mayaudari mai shiga rigar da ba tasa ba, likitan ƙarya ne ko malamin ƙarya.

Shi kansa kakin bari mu gaya muku asalinsa, gama da yawa cikin masu sa shi ba su sani ba. Kalmar daga ƙasar Hindu ta zo, ma'anarta mai launin ƙura. Wani hafsan Ingilishi, Harry Lumsden, shi ya fara tufatar da rundunarsa da shi a Feshawar wajen 1848, don tufa mai haske tana nuna soja ga maharbi tun daga nesa. Dabbare-dabbaren kuwa daga baya ya zo. A 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko, Faransawa suka kafa ƙungiyar masu zane waɗanda aikinsu shi ne su ɓad da kamar igwa da sansani, sannu a hankali dabarar ta sauko kan tufafi. Watau dai an ƙagi tufar nan don mai ita ya saje da ciyawa, kada a gan shi. Ku dubi abin dariya, abin da aka yi don ɓuya shi saurayi ke sawa ya tsaya tsakiyar kasuwa don 'yan mata su gan shi! A ƙasarmu kuwa gaisuwar farko da kaki ba ta daɗi ba ce, gama shi ne a jikin rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ta zo ta kara da Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya ran 15 ga Maris 1903. Daga baya mutanenmu suka shiga cikinsa, suka ƙetare teku da shi har ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945, waɗansu suka komo, waɗansu ƙasar can ta rufe su. Tsohon sojan da ya adana rigarsa cikin adaka, yana fito da ita ranar tunawa da mazan jiya, ba wanda ya isa ya ce masa don me. Ya riga ya biya kuɗinta da jikinsa.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Da a ce ƙasa lafiya ta ke, da sai mu ce wautar ƙuruciya ce, mu yi murmushi mu wuce. Ƙasa kuwa ba lafiya ba. A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni, cikin gundumar Gandi ta ƙasar Raba, suka kashe fiye da mutum talatin, sauran suka watse suka taru a Gandi suna zaman gudun hijira. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da ta ke ci, Gwamnatin Jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Abin da ya auku tsakanin waɗannan biyu da bayansu, a ƙauyukan bakin dajin Gundumi da hanyar Isa da Sabon Birni, ku da kuka fito daga can kun fi mu sani. Kowa kuma ya san irin shigar da mutanen dajin nan ke so. Bello Turji, wanda sunansa ya hana gabashin Sakkwato barci, ya sha fitowa a bidiyo da kakin soja a jikinsa, yaransa kewaye da shi da irinsa. Sun san abin da rigar ke saya musu, watau ɗan jinkirin nan da manomi zai yi yana tambayar kansa, shin namu ne ko nasu?

Ku sa kanku a matsayin mutumin da ke gonar tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mace mai ɗiban ruwa a bakin gulbin Rima. Ya ɗaga kai ya hango babura tafe, mutanen kai duk da kaki. Ba shi da wanda zai tambaya, abin da ya ke da shi ido ne, da lokaci kamar na ƙiftawa da bisimilla. In ya ce sojoji ne ya tsaya, alhali ɓarayi ne, ya kwana daji da sarƙa a ƙafa, danginsa su sayar da shanu da gona su fanshe shi, in ma an yi sa'a ke nan. In ya ce ɓarayi ne ya sheƙa yana kururuwa, alhali samarin gari ne suka komo daga kallon ƙwallo da wandunansu na gwanjo, to, gari ya tashi a banza, tsofaffi su faɗi su karye, mai ciki ta jigata, yara su ɓace cikin gero. In aka yi haka sau biyu sau uku, ran na huɗu ko ya tsage maƙogwaro ba mai motsawa, ran nan kuwa watakila na gaske ne suka zo. Wannan ita ce ɓarnar da sojan gona ke yi ko da zuciyarsa fara ce fat. Misalinsa misalin kuɗin jabu ne, ko wace takardar jabu ta shiga kasuwa sai ta rage wa ta gaske daraja, har a kai ga mai tumatir ya ƙi karɓar ta kirki.

Ku 'yan makaranta ma abin ya fi shafa, ku da ke kwana ɗakunan kwana nesa da iyaye. Daren 14 ga Afrilu 2014 waɗansu mutane suka shiga makarantar 'yan mata ta Gwamnati a Cibok, cikin Jihar Barno, inda ɗalibai suka taru don jarrabawa. Da kayan soja suka zo, suka ce su sojoji ne, sun zo su kuɓutar da su, su fito su taru wuri ɗaya. Yaran suka ga riga suka gaskata, suka fito da ƙafafunsu. Aka tafi da 276, shekara goma bayan haka, a 2024, akwai fiye da tamanin da ba su komo ba. A Kagara ta Jihar Neja, ran 17 ga Fabrairu 2021, da irin wannan shiga aka faɗa wa makarantar kimiyya ta Gwamnati, aka kashe ɗalibi ɗaya, aka kora mutum 42 daji. Wanda ya san waɗannan labaru biyu, sa'an nan ya tashi ya sa rigar ya shiga cikin yara wai yana wasa, ina hankalinsa?

Shi kansa mai sawar bai tsira ba. Ku tuna sojan da ke tsaye bakin shinge bayan almuru, wanda watakila jiya ya ɗauki gawar abokinsa. Ya ga babur ya nufo shi, mai tuƙi da wando mai dabbare-dabbare, ba lamba, ba wanda ya san shi a bataliya. Ko mutanen ƙauyen da aka ƙone musu rumbuna makon jiya, suka ga baƙo ya sauka tasha da irin rigar da suka gani daren nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Kafin a tsaya a ji cewa ɗan wane ne daga Goronyo, ya sayi wandonsa ne a gwanjo, mai aukuwa ta auku, uwa tana gida tana jiransa da tuwo.

Mun san abin da masu yin haka ke cewa, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Waɗansu su kan ce, "Ai yadin ƙarfi gare shi, ga arha, ba ya nuna dauɗa, ni talaka ne, abin da na samu shi na ke sawa." Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, gama talauci ba abin ba'a ba ne, mai aikin babur kuwa lalle yana bukatar wando mai jimiri. Amma dilar da aka ciro wandon nan daga cikinta, ita ce a ke ciro baƙi da shuɗi da ruwan toka, da yadi iri ɗaya. Ƙarfin a zare ya ke, zanen bai ƙara masa komi ba. In mutum ya tsallake goma ya zaɓi mai dabbare-dabbare, to, ya bar zancen arha, wani abu ya ke nema, shi ne a ɗan ji tsoronsa.

Waɗansu kuma, musamman masu ɗan ilmi da kallon waya, su kan ce, "Ai a Amurka da Ingila kowa na sawa, har mata, har mawaƙa, mu ne dai kullum a baya." Gaskiya ne suna sawa. Amma mutumin London in ya ga kaki a titi ba ya tunanin ko zai kwana gida yau. Abin da ya zama ado inda a ke barci da ƙofa buɗe ba lalle ya zama ado a Gandi ba. Ba kuma duk duniya ta yarda ba, ga tsibirin Babados can yammacin teku, inda ba yaƙi ba fashin daji, doka ta hana farar hula sa irin wannan tufa, har baƙi masu yawon buɗe ido a kan gargaɗe su tun kafin su sauka. Duniya ma da ta zauna tsara dokokin yaƙi a Janiba a 1949, ta ƙara musu a 1977, ginshiƙin abin da ta kafa shi ne a rarrabe mai yaƙi da wanda ba ya yaƙi, don a bar na biyun ya rayu. Farar hular da ya sa kaki, da hannunsa ya ke share layin da aka ja don tsaronsa.

Akwai kuma masu cewa ƙaunar soja ce ta sa, suna nuna goyon baya. Madalla da ƙauna. Amma wanda ke ƙaunar liman ba ya shiga gaban sahu ya ja salla don ya nuna ƙauna. Sojan da ke Barikin Giginya ko bakin daji bai roƙi kowa ya yi shiga irin tasa ba, abin da ya ke so a gaya masa gaskiyar inda aka ga baƙin babura, a kuma bar shi ya iya gane abokin gaba in ya gan shi.

Maganar 'yan sa-kai ta fi wuya, ba ma kuwa so mu yi ta da garaje, gama da yawansu mutane ne da aka kashe wa iyaye, suka ga ba mai zuwa, suka tashi da abin da ke hannunsu. Duk da haka sa kaki bai mai da su sojoji ba, sai dai ya ba su ƙarfin hali na yin abin da ba mai tambayarsu a kai, abin da ya biyo baya na ramuwar gayya kuwa kowa ya gani. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyarsu a 2021, Gwamna Ahmad Aliyu kuma ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jiha a 2024, mai rajista da horo da tufafinta na kanta. Ko me mutum zai ce game da aikinta, wannan ita ce hanya, mai tsaron gari ya sa rigar da aka san ta tasa ce, wadda in ya yi laifi cikinta a san ofishin da za a kai ƙara. Haka ɗan sikawut ya ke, haka ɗan bautar ƙasa da kakinsa tun 1973, ba wanda ke ruɗewa da su, don kowa ya san wanda ya tufatar da su.

To, kada wani ya karanta wannan ya ce mun ba soja izinin bulala. Ko kaɗan. A watan Fabrairu 2017, a Anaca, waɗansu sojoji biyu suka jawo wani gurgu daga kekensa suka yi ta dukansa a titi, wai don ya sa kaki. Hoton ya zaga ƙasa, hukumar soja ta rage musu igiya, ta ɗaure su kwana 21. Daidai ta yi, mu a ganinmu ma ta yi sauƙi. Sa mutum tsallen kwaɗo, ko birgima cikin kwata, ko tuɓe shi tsirara gaban jama'a, ba ya cikin ko wace doka, kuma ya fi ko wane sojan gona zubar da mutuncin rigar. Doka tana nan. Sashe na 110 na kundin dokokin laifi da ke aiki a jihohin Kudu ya hana wanda ba soja ba sa kayan soja ko abin da ya yi kama da su, sai da izini, ko cikin wasan kwaikwayo. Hukuncin da ya yanka ɗaurin wata ɗaya ne ko tarar naira goma, kuɗin da yau ko ƙullin gishiri ba za su saya ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yaushe rabon da a waiwayi dokar. A Arewa kuma Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta hana sa tufafin ma'aikacin hukuma da nufin a ɗauke ka shi ne. Aikin ɗan sanda ne da alƙali, a karɓe rigar, a rubuta, a yi hukunci a sarari.

Sa'an nan a bar kama ƙananan kifi a ƙyale manya. Kayan soja ba a shigo da su ƙasar nan bisa ƙa'ida sai da takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, Kwastan kuma sun sha shelar sun kama su. To, ta ina ɗaruruwan riguna ke bi har su isa tsakiyar daji, sababbi, da takalma da huluna? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya shigo da dila, da wanda ya sayar daga sito, da telan da aka kawo wa ɗinkin riga talatin iri ɗaya ya karɓa bai tambaya ba, waɗannan su ya kamata a fara nema kafin a tare yaro mai hula a bakin tasha. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami, yawan masu sawa a gari shi ke ba mai sayar wa daji mafaka, in an tambaye shi ya ce ai samari ke saye.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ce a ƙasar Wurno da Raba a ke neman kwarjini a wandon gwanjo. Wurno fa ribaɗi ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta don tsaron iyaka, ya bar jin daɗin birni ya zauna cikinta, ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu cikinta a 1837, kabarinsa yana nan har yau. Mutanen da ya zaunar a wurin manoma ne da malamai da masu sana'a, waɗanda in an yi kira su fito, in an gama su koma gona, ba su yawo kasuwa da sulke don a ce musu jarumai. Raba kuwa ita ta haifi Ahmadu Bello. Sarautar Sardauna da aka naɗa shi a 1938 asalinta sarautar yaƙi ce, amma da babbar riga da rawani ya shiga London, ya zauna da masu mulkin duniya, ba kuwa wanda ya ce kwarjininsa ya gaza.

Wanda ke son kaki da gaske cikinku, ƙofa a buɗe ta ke. Akwai makarantar horon kurata a Zariya tun 1924, akwai makarantar soja ta yara a can tun 1954, akwai makarantar hafsoshi a Kaduna tun 1964. Ya riƙe karatunsa, ya ci jarrabawa, ya je ya sha rana da gudu da tsawar saje, ran da aka yaye shi a ba shi rigar da lambarsa, ya komo Goronyo da ita mu fito mu tarye shi. Kafin wannan rana, in hutu ya zo za ku hau mota ku bi hanyar Acida zuwa gida, ku zazzage akwatunanku tun a makaranta. Wanda ya tarar da irin wandon nan cikin kayansa, ba mu ce ya ƙone shi ba, kuɗi aka sa aka saya. Ya kai shi marina a tura masa shi baƙi, ya ci gaba da sawa har ya tsufa. Ku kuma gaya wa iyayenku mata, da ladabi, cewa in Salla ta zo a ɗinka wa ƙanenku kaftani.